Gyaran Baƙuwa

Evaristo Luján mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya tambayi kansa me kake nema. Shekara da shekaru yana riƙe da Chingolo, manhajar da ke juya rubutun masu shirya manhajoji zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Kyauta ce, kowa na iya leƙa cikinta ya aiko da gyara, amma ba abin da ke shiga sai da yardarsa. Ban da wannan amana da mutane suka ba shi, ba shi da wani abin tinƙaho a duk birnin Córdoba.

Wata safiya gyara ya iso daga wata wai ita Yanina Ferreyra. Bai taɓa jin sunan ba. Matsalar da ta taɓa kuwa ta daɗe tana ba su ciwon kai: a wani irin lissafi, da zarar lamba ta sauka ƙasa da sifili sai Chingolo ta fitar da amsar banza. Gyaran gajere ne, tsaf, har da gwajinsa. Abin da ya tayar masa da hankali ke nan. A saninsa, sabon shiga da kame-kame yake zuwa.

Rubén, abokinsa da suke aikin tare, ya shigo rungume da fulas, ya cika ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a garinsu, da ruwan zafi ya miƙa masa.

"Ka ga gyaran yarinyar nan? Ya yi kyau."

"Ya cika kyau," in ji Evaristo.

"To mummuna kake so?"

"Kai Rubén, wannan ƙaton kan naka ba komai a ciki sai gasasshen nama. Wa ya san ta? Wa ya taɓa ganin ta?"

Kafin tsakar rana abin ya ƙara wari. Sababbin sunaye suka dinga ɓullowa a ƙarƙashin gyaran, duk a ranar aka yi musu rajista. Wannan ya ce a karɓa mana, aiki ya yi. Wancan ya ce me ake jira. Wata Chela kuwa har sau uku. Evaristo ya tsargu, don ya san salon. A aiko maka da gyara mai tsabta, a turo 'yan kore su matsa maka, ka saki jiki, rannan a zuba guba a cikin wani gyaran. Gubar da ta shiga Chingolo kuma ta shiga duk manhajar da aka gina da ita, kuma shi za a nuna da yatsa.

"Ta rubuta cewa a garin nan take," Rubén ya ce. "Ka kira ta mana, tsoho, ka huta mu huta."

Suka nemi lambarta, suka kira ta bidiyo. Wata matashiya ce mai tabarau, kunya duk ta rufe ta.

"Malam Evaristo, don Allah a yi haƙuri. Goggona Chela na faɗa wa, ita kuma ta faɗa wa duk dangi. Na roƙe su su daina."

Sai ga wata dattijuwa ta turo fuska cikin wayar, hannu duk fulawa.

"Shi ne mai gidan? Bawan Allah, yarinyar nan ko abinci ta daina ci a kan abin nan naku. Ka danna mata abin dannawar mana, ai ba ciwo zai ji maka ba!"

"Goggo, don Allah!"

Rubén ya yi dariya har da hawaye. Da aka kashe wayar ya ce, "To ka gani?"

"Na ga mace da goggo. Goggo ai hayarta ake yi."

"Kai dai ba ka da magani."

Gaskiyar magana, Evaristo ya karanta gyaran nan sama da ƙasa bai ga aibu ba. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, shi kuma hannunsa kawai ya yarda da shi. Bayan Rubén ya tafi, ya rufe gyaran Yanina bai karɓa ba, da 'yar godiya a taƙaice, ya zauna ya rubuta nasa daga farko, wai ba ya kallon nata. Ya gwada, ya yi daidai. Ya shigar, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Bai ko tsaya tunanin cewa duk gyaran da ya shiga, da sunan wanda ya rubuta shi yake zama ba.

Washegari ya tarar da saƙonta a fili, inda kowa ke gani.

"Malam Evaristo, na ga gyaran ya shiga da sunanka. Na jera shi da nawa, ko ɗigo bai bambanta ba. Shi ne na farko da na taɓa aikawa ko'ina. Akwai wasu kurakuran da na gano, amma zan riƙe abina."

Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Ya so ya yi bayani, cewa hanyar gyaran ɗaya ce, duk wanda ya bi ta nan zai fito. Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa ya goge, don shi kansa da wani ne ya kawo masa wannan hujja ba zai saya ba.

Rubén ya shigo, yau ba fulas. Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, inda tsofaffin gyare-gyare ke jere da sunan Evaristo a gefensu.

"Evaristo," ya ce a hankali, "tsakaninka da Allah, wannan ne karo na farko?"