Ku Gai da Gida

"Ɗauke ni, Bafillace! Ko tsoron matar nan kake?"

Baba Kiyari ne ke yi mini tsawa daga kan tabarma, muryarsa kamar ana goga kwano da yashi. 'Yarsa Barira ta tsaya a bakin ƙofa ta baza hannuwa.

"Wallahi babu inda za ka, Baba. Likita ya ce ko zaure kada ka fita. Hammadi, kai da aka kira ka ba shi haƙuri!"

Katanga ɗaya ce tsakanina da su a unguwar Birni. Ni tela ne, Bafillace, shi kuwa Babarbare, abokan wasan juna ke nan, don haka tun da na tare a unguwar bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bafillace ko bawana. Ciwon zuciya ya kwantar da shi tun farkon damina, maganinsa kuma ya yanke a nan Damagaram tun da aka rufe iyakoki. Ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. Amma ran nan da hantsi rediyonsa ya faɗa masa abin da duk gari ke faɗi: ayarin motocin sojan Faransa ya baro Yamai, zai ratsa ta garinmu ya wuce Cadi.

"Barira," ya ce, ya sassauta murya, "ubana aka kama yana tsakar gona, aka kai shi aikin tilas a hanyar nan. Bai dawo ba. Ko kabarinsa ba a nuna mana ba. Yau masu ita za su bi ta su fita, ki ce in kwanta in kalli rufin ɗaki?"

"In ka mutu a hanya fa?"

"Da ma a ɗaki ba a mutuwa?"

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Can ta sauke hannuwanta, ta shiga ɗaki ta fito da farar rigarsa ta Juma'a.

Kowa a unguwa ya san labarinsa. Yana saurayi yana dakon gyaɗa a kantin Nasara aka yi zaɓen nan na ko a zauna da Faransa ko a rabu. Ya jefa a'a, ya kuma fito ya faɗa a tsakiyar kasuwa. Aka kore shi daga aiki. Bayan an sauya tuta, aka bi 'yan jam'iyyarsu ta Sawaba gida gida, ya yi shekaru a kurkuku, ya fito da yatsu biyu a karye. Yakan ɗaga su ya ce, "Baƙin hannu ne ya karya su, amma sandar daga ƙetare aka aiko ta." In aka ɗauke wuta kuwa, sai ka ji shi ta bayan katanga: "Ƙarfen yuraniyom na ƙasarmu na can yana haska musu gari, mu ga mu da aci-bal-bal!"

Na aro amalanken masu ga-ruwa, muka shimfiɗa katifa, na ɗauke shi cak. Ba shi da nauyi sai a ƙafa. Barira ta riƙe masa lema, ni ina turawa.

"A hankali, bawana. Ba saniya ka ɗauko ba."

"Saniya ai tana da amfani, Baba. Ana tatsa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Barira ta harare ni.

Bakin kwalta ya cika. Matasa da tutoci, mata da goyo, masu tallan rake sun samu kasuwa. Da aka ga farar riga a kan amalanke sai aka dare mana har gaba. Rana ta take, numfashinsa ya fara yin sama-sama, leɓensa ya bushe. Barira ta sunkuya ta ce a koma. Ya girgiza kai, bai ko buɗe ido ba. Ni ma a lokacin na tsorata, na ce a raina na kashe wa mutane uba.

Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashinmu.

Motar sojanmu ce a gaba, manyan motocin Faransawan na biye, masu launin rairayi, an lulluɓe kayansu da tamfol. Ihu ya tashi, wasu na zagi.

"Tsayar da ni," in ji Baba Kiyari.

Na tallabe shi ta dama, Barira ta hagu. Mutumin da ya yi wata da watanni bai taka ƙasa ba ya miƙe a kan ƙafafunsa. Wata mota ta rage gudu daidai mu, wani soja ja-wur ya leƙo ta taga, ko gemu bai fara ba.

"Ashe ma yara ne," ya ce a hankali.

Sai ya ɗaga hannun nan mai karyayyun yatsu, ya tattaro abin da ya rage masa na murya.

"Ku gai da gida!"

Na kusa da mu suka kwashe da dariya, suka ɗauka. Kafin ka ce kwabo duk bakin hanya ya amsa: "Ku gai da gida! Ku gai da gida!" Masu zagi suka bar zagi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Bai yarda ya zauna ba sai da motar ƙarshe ta ɓace.

A hanyar komawa ya jawo hannun rigata.

"Na bindiga ya tafi. Saura wanda ke cikin aljihunku, kuɗinsu na sefar nan. Wannan naku ne, ni na gama nawa."

Da muka isa gida ya ce a dama masa fura ta sabon gero. Ya sha fiye da rabin ƙwarya, abin da bai yi ba tun kwanciyarsa. Washegari bayan azahar, ina kan keken ɗinki, na ji salatin Barira ta bayan katanga.

Mun dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai wani mai babur ya sauke wani tsoho tukuf da ba mu sani ba. Daga Mirriya yake, ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da marigayi a kurkuku. Bai tambayi ciwo ba, bai tambayi lokaci ba. Ya dafa kafaɗata, yana haki.

"Ya gani?"

"Ya gani, Baba. A tsaye ma."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya jingine sandarsa da bango, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefen tabarma, ya zauna a inuwa.