Sunan Yaya da Jar Tawada

A gida Injiniya ake ce masa, ko da yake rabin injiniyancin nasa bai wuce ya kashe kwamfuta ya sake kunnawa ba. Aikinsa a ofishin jarrabawa shi ne ɗora tsofaffin takardun sakamako a kan sikana, manhaja ta karanta, ta zuba suna a gurbin suna, maki a gurbin maki. Wanda sunansa bai shiga ba, ofis ba ya ba shi kwafin shaida.

Da hantsi yayarsa ta iso, ta zauna a wata kujera mai rawar ƙafa. Shekararta hamsin da biyu. Makarantar unguwarzoma ce ke ɗaukar manya, kuma ƙarfe huɗu za a rufe rajista. Sai da takardar shaida ake ɗauka, tata kuwa tuni ruwan sama ya cinye.

"An ce wai babu ni a injin naka, Auta."

"Haba Yaya, ina za ki je?"

Ya buɗe sakamakon shekarar su Yaya. Ɗalibai ɗari uku, kowa da sunansa, ban da mutum bakwai: ga maki reras, gurbin suna fari fat. Ya faɗaɗa gurbin, ya sa manhajar ta sake karantawa. Shiru. Ya kashe ya kunna. Ilimi ya ƙare, sai gumi ya fara tsattsafo masa a sanƙo.

"Ko in koma gida? Dama tsufa ne ke yi mini rawar kai."

"Zauna don Allah."

Ya gangara sito, ya roƙi dattijon da ke tsaron wurin. Dattijo ya jawo kwali, ya lashi yatsa, ya zaro takardar ya miƙa masa. Ga sunan Yaya ɓaro-ɓaro, amma da jar tawada.

Injiniya ya dafe kai. Layukan fom ɗin ja ne, shi ya sa tun bara ya umarci sikana ta riƙa share duk wani ja don rubutu ya fito tsaf. Har yabo ya sha a kan wannan dabara.

"Baba, me ya sa nata ja ne?"

"Aikin mai tafiretarmu ne, Allah ya jiƙanta. Duk wanda ya yi zarra, sai ta buga sunansa da ja. Ba wanda ya sa ta."

Ya duba shekarar da ke kan takardar. A shekarar ce mahaifiyarsu ta rasu, yana ɗan shekara shida. Abin da ya sani kawai, Yaya ta dawo gida ta hau girki da wanki, kullum tana cewa ita dama boko bai karɓe ta ba.

Ya hau sama, ya cire umarnin, ya sake ɗora takardar. Sunaye bakwai suka faɗo gurabensu, nata na biyu a yawan maki.

"Yaya, ashe ke ce ta biyu a cikin ɗari uku? Kika ce mini boko bai karɓe ki ba?"

Ta gyara zaman tabarau, ta leƙa allon, ta kau da kai.

"To da na faɗa maka fa? Kuka za ka yi, ga ka da majina."

Ya buga kwafin, ya kai aka sa hatimi, ya ɗauko makullin babur.

"Ka tuƙa a hankali," in ji ta, tana cusa takardar cikin jaka. "Ɗaliba ka ɗauko."