Fatar Jirgin Yacine

Ndiaga Ndiaye ya tsufa yana gyaran jiragen ruwa masu filafili, waɗanda iska ke turawa, a bakin tekun Hann da ke Dakar. Turawa kan tsaya a Dakar kafin su tsallaka babban teku, su kawo masa jiragensu na faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da aka daskarar da ƙaro, ya ɗinke musu tsaga, su tafi. A duk tsawon aikinsa bai taɓa sa hannu a jirgin ɗan ƙasa ba, don babu mai shi. Saboda haka ran da 'yarsa Yacine ta ja shi bayan rumfar aikinsa ta nuna masa wani tsohon jirgi da mai shi ya yasar, ta ce ta saya, sai ya ɗauka wasa take.

Yacine ba yarinya ba ce. Da aurenta, kuma ita ke koya wa baƙi tuƙi a kusa da gaɓa. Amma burinta ta kai kanta tsibiran Cape Verde da jirginta.

Ndiaga ya zagaya jirgin yana tsaki. Farar fatar nan mai sheƙi da ke rufe faiba, wadda suke kira jelkot, ta koma ruwan ƙwai, ta tsattsage kamar saƙar gizo-gizo.

"Wannan gawar kika saya?" ya tambaye ta.

"Baba, ciwon fata ne kawai. Ƙashinsa lafiya lau."

Birane Diop, tsohon masunci kuma abokin wasan Ndiaga, yana zaune a kan kifaffen kwale-kwale yana kurɓar shayi. Ya ce, "Ƙyale shi, 'yata. Duk Ndiaye haka suke, in ba shinkafa da kifi aka ajiye ba, ba sa ganin abin kirki."

"Rufe mana baki, bawana," in ji Ndiaga. Amma kafin azahar ya riga ya ɗauko kayan aikinsa.

Aikin ya ci su makonni. Kowace tsaga, ko da ba ta wuce siririn gashi ba, sai Ndiaga ya bi ta da bakin ƙarfe ya buɗe ta, ya kakkaɓe ƙurar, ya goge da sinadari. Yacine ta gaji ta ce a shafe ƙananan da fenti a huta. Ya ce fenti ba ya rufe tsaga, ɓoye ta yake yi, teku kuma sai ya tono ta. Ta yi gunaguni, ta ɗauki ƙarfe ta ci gaba.

Haɗa launi ne ya fi ba su wuya. Sabon jelkot fari ne fat, tsohon kuwa rana ta dafa shi. Ndiaga ya riƙa ɗiga rawaya da bakin tsinke, ya ƙara ɗan baƙi, ya shafa a gefe ya ja da baya ya ƙanƙance ido. Idonsa ya fara rauni, ya kuwa sani. Da ya ce ya yi, sai Yacine ta girgiza kai.

"Da saura. Yana son ɗan ja."

Ya harare ta, ya ɗiga jan. Launin ya saje har ba ka iya cewa ga sabo ga tsoho. Sai ya miƙa mata kwanon haɗin. Daga ranar ita ke haɗawa, shi yana cike tsagar ya lulluɓe da leda har ta daskare.

Wata safiya tana bin gindin jirgin da ƙwanƙwasa, sai ta tsaya kusa da wata tsaga da suka riga suka cike.

"Baba, zo ka ji."

Ya ƙwanƙwasa da kan guduma. Ko'ina ƙarar tana fita tsaf, nan kuwa sai ta yi kamar an bugi ruɓaɓɓiyar kabewa. Ruwa ya shiga faibar kanta. Wurin kuma shi ne mafi kyau a duk aikin da ya yi.

"Sai mun fasa," in ji ta a hankali, tana duban fuskarsa.

"To me kike jira? Jirginki ne."

Ita ta riƙe injin gurza. Ta cinye wurin har ta kai busasshiyar faiba, suka bar shi ya sha iska, ta shimfiɗa sabon ƙyallen faiba da ƙaro falle bisa falle. Ndiaga na tsaye hannuwa a baya, bakinsa na motsi, amma bai sami abin gyarawa ba. Bayan nan suka bi jirgin duka da samfefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, suka goge har fatar ta ɗauki hoton masu wucewa.

Ran da aka tura shi ruwa, rabin unguwa ya fito. Matan da ke busar da kifi suka yi ta guɗa. Yacine da mijinta suka ɗaga filafili, iska ta cika shi, jirgin ya karkata ya nufi bayan tsibirin Gorée. Ndiaga ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, bai ma lura wandonsa ya jiƙe ba.

"Kuka kake yi, tsoho?" in ji Birane.

"Gishiri ne ya shiga mini ido."

Bayan 'yan kwanaki saƙon muryarta ya shigo wayarsa daga garin Mindelo na Cape Verde. Sun sauka lafiya, teku ya yi musu duka sosai, amma ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Ndiaga ya kunna wa Birane, ya kunna wa mai shayi, ya kunna wa liman bayan la'asar. Wani Bature ya zo neman mai gyara, shi ma sai da ya saurara har ƙarshe, ko da yake ba ya jin Wolof.

"Wace ce wannan?" Baturen ya tambaya.

"Kyaftin ce," in ji Ndiaga. "'Yata. Ina jirgin naka yake?"