Ruwan Manaja

"Dakata, kai! Sauke ni tukuna, ban gama ba ta sallahu ba."

Direba bai sauke shi ba. Ya dai ja ya tsaya a bakin ƙofa, mahaifinsa goye a bayansa, gumi na bin wuyansa. Mai Wanki na tsaye a baranda da kumfa a hannu. Ta lura tsohon bai fi ƙunshin wanki ɗaya nauyi ba yanzu.

"Baba, motar da za ta kai mu asibiti na jira a ƙasa," in ji Direba.

"Ta jira. 'Yata, matso. Kin ga gorunan nan na cikin firiza? Kullum ki jefa wa Manaja masu ƙanƙara a ruwa, in sun narke ki canza. Ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Abincinsa tana ce, ki tono a tukunyar fulawar can, ki ba shi da hantsaki. Kifayen kuma ɗan kaɗan za ki barbaɗa musu, kada su ruɗe ki da kwaɗayi."

"Na ji, Baba."

"Ki riƙe mini shi da rai har in dawo."

"Lafiya lau za ka tarar da shi. Na yi maka alkawari."

"Sannan injin nan na ciki..."

Tari ya sarƙe shi. Direba ya samu abin da yake so, ya sauka matakala da shi, ya bar ta da makulli a jiƙaƙƙen hannu.

Baba Mai Firij ya fi kowa daɗewa a gidan hayar nan. Gyaran firij ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu tuntuni, ɗansa guda kuma kullum yana kan hanya da babbar mota. Abokan zamansa su ne na cikin tankunan gilashi biyu da ke jikin bango: ƙaramin na wasu mitsi-mitsin kifaye masu jela launi-launi, babban kuma na Manaja. Shi tsohon aksolotil yake kiran halittar, 'yan gidan kuwa da bakinsu ya ƙi juyuwa suka ce ƙadangaren ruwa, aka huta. Fari ne sol, tsawonsa ya kai tafin hannu da rabi, da ƙafafu huɗu, da wasu jajayen rassa masu gashi a gefen kai waɗanda yake numfashi da su. Bakinsa kullum kamar yana murmushi. Manaja aka sa masa domin ba ya aikin fari bare na baƙi, sai kwanciya a wuri mai sanyi a kawo masa abinci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji 'yan gidan, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Ita Mai Wanki da farko ko kallonsa ba ta iya yi, tsigar jikinta tashi take. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da na tsohon, ta cikinsa take jin gurnanin injin ruwan safe da yamma. Mace ce da datti ke hana ta sukuni. Ko cokalin wani ta gani da maiƙo sai ta ɗauka ta wanke, a yi ta tsiya. Da wannan hannun ta rufa wa kanta asiri tun rasuwar mijinta, kuma babu mai kawo mata kaya ya koma da ƙorafi.

Ranar farko da ta miƙa wa Manaja tana, daga nesa-nesa ta tsaya. Ya ɗago kai a hankali, ya yi kamar mai nazari, sai wuf, ya zuƙe. Ta yi baya har ta buge kujera.

"Amma kai ɗan rainin hankali ne," in ji ta.

Kafin mako ya zagayo ta fara yi masa hira. Tana shigowa zai tako zuwa jikin gilashi, ya kafa mata 'yan idanun nan marasa ƙiftawa. Ta ba shi labarin masu kawo wanki, da wadda ta ce an ƙona mata riga alhali haka ta kawo ta. Ba ya katse ta, abin da mutane suka kasa yi mata ke nan. Ta shaƙu da shi ba ta sani ba.

Sai Direba ya kira ta wata safiya. Muryarsa a dushe.

"Yaya, yau da yamma za mu dawo. Likita ya ce a kai shi gida ya huta."

"Sauƙi ya samu ke nan?"

Ya ce mata sai sun iso kawai, ta gane ba sauƙi ba ne. Ta ajiye wayar ta zauna a bakin baho, hawaye na zubo mata. Ba ta da magani, ba ta da abin ba shi. Abu ɗaya ta iya a duniya, shi ta tashi ta yi.

Ta yaye zanin gado da labule ta jiƙa. Ta share yanar gizo, ta goge taga, ta wanke daɓe har ƙarƙashin gado. Da ta gama ta tsaya tana duba ɗakin, sai idonta ya sauka kan tankunan. Kore ya kama gilashi ta gefe-gefe, duwatsun ciki sun yi santsi. Ta buɗe ɗan injin da ke tace ruwan, ta ga wani soso a ciki, baƙi-baƙi, yana yauƙi, da ƙarni.

"Subhanallahi! Manaja, a cikin wannan ƙazantar kake kwana? Namiji dai namiji ne."

Ta kwashe shi a roba, ta kwashe kifayen a wata. Ta zubar da tsohon ruwan kaf a magudana. Ta sa buroshi da garin sabulu ta dirje gilashi da duwatsu. Sosunan injinan tankunan biyu kuwa suka ƙi fita, ta jiƙa su a bilic, ta cuɗa, ta matse, ta sake cuɗawa, har suka koma farare tas kamar yau aka sayo. Ta tara ruwa daga famfo ta cika tankunan, ta mayar da kowa gidansa. Ruwan ya yi garau, har hasken taga na ratsa shi. Daɗi ya kama ta, irin wanda ta manta rabonta da shi.

Da yamma Direba ya shigo da tsohon a hannu kamar jariri, ya kwantar da shi. Ya rame ƙwarai, idanu sun zurma. Bai kalli labule ba, bai kalli zanin gado ba. Kansa ya juya wajen bango. Kifayen duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, wasu sun kwanta ta gefe. Manaja na ta zarya daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana gogar gilashi, shi da bai san sauri ba.

"'Yata, buɗe mini injin nan."

Ta buɗe, ta ɗago soson da 'yar fara'arta, tana jiran yabo. Ya daɗe yana kallonsa. Ya shaƙi iska, ya ji warin bilic, ya lumshe ido.

"Ruwan fa?"

"Sabo ne, Baba. Daga famfo na taro."

"Duka?"

"Duka."

"Ciro shi. Maza. Akwai ruwan da ya kwana a duronki? Shi za ki zuba a baho mai tsabta, wanda sabulu bai taɓa ba. Yi sauri, 'yata."

Sai da ta gama, Manaja na cikin baho da gorar ƙanƙara, sannan ya yi mata bayani, yana yi yana hutawa. Dattin nan na jikin soso, ya ce, ba datti ba ne. Wasu halittu ne da ido ba ya gani, shekara da shekaru suna zaune a ciki, su ke cinye gubar kashin Manaja. Soson ba a wanke shi sai dai a ɗauraye a tsohon ruwan. Ruwan famfo kuma akwai magani a ciki, sai ya kwana a buɗe, in ba haka ba ƙona musu fata yake yi. Fatar Manaja kuwa komai shanye shi take.

Ta durƙusa a daɓen da ta wanke. Garin neman gira ta rasa ido.

"Baba, na kashe maka su."

"Ni ne ban faɗa miki ba. Ina cikin faɗa wancan ya gudu da ni."

Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Washegari ta kwashe kifayen da matacin shayi, babu ko ɗaya mai motsi. Ta naɗe su a takarda ta fita da su ta bayan Direba, tsohon ya bi ta da ido. Manaja ya rage, a kansa ta tare. Ta mayar wa mutane wankinsu ba a wanke ba. Kullum sai ta canza ruwan bahon da wanda ya kwana, ta sa ƙanƙara, ta rufe da tsumma don haske kada ya dame shi. Shi kuma tsohon ya sa aka bar injin babban tanki a kunne, an sake masa ruwa da wani soso, wai ko halittun za su dawo kafin Manaja ya warke.

Kowace safiya tambayarsa ɗaya.

"Ya ci?"

"Bai ci ba tukuna."

Jajayen rassan suka koɗe, gashinsu ya zube, suka lanƙwashe gaba. Fatar ta fara saɓulewa, wani farin abu kamar auduga ya fito masa a wuya. In ta kai masa tana bakinsa sai ya kau da kai. Murmushin dai yana nan, kuma shi ya fi ci mata rai.

Ran nan Direba ya tare ta a baranda, idanunsa jajur.

"Yaya, don Allah ki duba lamarin nan. Mahaifina na kwance rai a hannun Allah, ke da shi kuna jinyar ƙadangare. Ko ruwa ba ya sha sai an yi maganar abin nan. Wallahi ji nake kamar in watsa shi a kwata."

"Ka taɓa shi ka gani," in ji ta. "Amana ce a hannuna."

"Ni da ya haifa da cikinsa bai tambayi ko na ci ba."

Ya juya ya kifa goshi a bango. Ta san ba ƙarya ya yi ba.

Da hantsi ne, kwanaki kaɗan bayan haka, ta ɗaga tsumman ta ga Manaja a kwance ta gefe, ƙafafu a miƙe. Ta taɓa shi da yatsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Laushi gare shi, da sanyi. Ya juya ya bi ruwan kamar tsumma. Ta daɗe a tsugune, ta ba gadon baya, tana jin idon tsohon a ƙeyarta. Ta shirya ƙarya har ta zo mata baki.

"Ya ci?"

"Baba, ya tafi."

Injin na ta gurnani a jikin bango.

"Kawo shi in gani."

Ta ɗora bahon a gefen gado. Ya sa yatsu biyu ya shafi bayan, daga kai har jela, a hankali. Ya janye hannun ya goge a zani.

"To," ya ce. "Kashe injin nan, wuta yake ci a banza."

Ta zare filogi. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba ta taɓa ji a gidan ba. Ya juya fuskarsa bango. Direba ya kawo ruwa a cokali, tsohon ya girgiza kai. Ta ce ya yafe mata, ya ɗaga hannu kaɗan ya sauke, ba ta san ko yafiya ce ko cewa yake ta ƙyale shi ba. Washegari da la'asar ya cika, ɗansa na riƙe da ƙafarsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Direba ya kwashe ɗakin, mai gida na jiran makulli. Ya rabar da abin rabarwa, ya loda sauran a mota. Ƙaramin tankin ya fashe a matakala. Babban ya rungumo ya dire a ƙofarta.

"Yaya, riƙe wannan. Ke ce mai tsabta, a hannunki ba zai lalace ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ta ce ta gode.

Ba shi da wurin zama a ɗakinta, sai ta tura shi ƙarshen baranda, ƙarƙashin igiyar shanya. Ta koma wankinta, don ciki ba ya jiran kowa. Ruwan da ke ɗiga daga kaya ya riƙa taruwa a gindinsa, har kore ya fara bin gilashin ta kusurwa. Wata safiya ta zo wucewa da buroshi a hannu, ta tsaya a kansa. Babu komai a ciki sai ɗan ruwan da wani maɓallin riga da ya faɗa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta jefa buroshin a baho, ta ɗauki zani ta ci gaba da shanya.