Muryar da Aka Ɗora wa Ikrima

Ranar da fim ɗin ya fito, Najwa ba ta jira an tashi daga lacca ba. Ta shiga mota daga Kafin Hausa zuwa Dutse, ta tsaya shagon masu tura fina-finai aka zuba mata shi a memori, sannan ta tari adaidaita zuwa Limawa.

Ta tarar Dada, mahaifiyarsu, ta shimfiɗa tabarma gaban talabijin, ta yi wanka har da turare kamar mai jiran baƙo. Baƙon kuwa Ikrima ne, yayan Najwa, wanda ya rasu a hatsarin mota bara da damina. Kafin rasuwarsa ya fito a wannan fim na masu garkuwa da mutane, a matsayin direban da aka sace. Ƙaramar waya ya riƙe har ya bar duniya, bai taɓa tura saƙon murya ba, hoto ma sai an yi da gaske. Abin da ya rage na muryarsa yana cikin fim ɗin nan kaɗai. Ya sha ba su labari yana dariya cewa a inda ɓarayin suka miƙa masa waya ya kira gida, darakta ya ce ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, shi kuwa ya ce, “Dada, ni ne, kada ki ta da hankalinki.” Wannan maganar Dada take jira tun da aka share makoki.

Suka haƙura da kiɗan da ke danne hira, suka haƙura da waƙar da aka cusa a tsakiyar tashin hankali, har aka zo wurin. Da rana tsaka aka ɗauke shi a cikin duwatsun bayan gari, sannan aka rage hasken a kwamfuta wai don ya zama dare. Dare kuwa ya yi. Ba a ganin komai sai inuwar mutane da farin haƙora. Daga cikin duhun wata murya mai kauri ta dattijo ta kurma ihu: “Mama, ku cece ni!” Najwa ta gane ta nan take, don muryar ce ta yi maganar ɗan sanda a farkon fim, ita ce kuma ta mai shayi.

“Wannan ba ɗana ba ne,” in ji Dada a hankali.

Washegari da safe Najwa ta je sitidiyon Zuhair, daraktan. Ya tarbe ta da fara'a, ya sake yi mata ta'aziyya, ya yabi marigayin da ladabi da zuwa aiki a kan lokaci. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, bai ko ji nauyi ba. Ya ce iska ta yi yawa ranar, ga ƙarar janareta, makirufon kuma guda ɗaya ne, yana jikin jarumin fim. A wannan sana'a, in ji shi, ƙananan 'yan wasa ba a sake kiransu. Wani Ɗanladi ke zama a sitidiyo ya ɗora musu murya duka a yini guda. Haka kowa yake yi.

Najwa ta ce ta ji. A ba ta ainihin abin da aka ɗauka, da iskar da janaretan, a haka take so.

Zuhair ya sosa ƙeya. Ya ce an goge. Wani biki ne ya taso a satin, suna buƙatar wuri a memorin kyamara.

“Ƙanwata, ki yi haƙuri. Wallahi ke kaɗai ce kika lura. Mutanenmu labari suke bi, ba ruwansu da wa ya yi magana.”

“Ba ruwansu ne, Yallaɓai, ko kun saba musu da cin abin da aka zubo musu ko da ƙasa a ciki? Mutum ya tsaya cikin rana ya ba ku muryarsa, kuka share ta don ku ɗauki masu liƙi.”

Ya ce ai sun karrama shi, ta duba ƙarshen fim, sun rubuta Allah ya jiƙansa. Ya juya ga kwamfutarsa, inda wata amarya ke murmushi, hoton ya fito tar, ana iya ƙirga duwatsun sarƙarta.

Da ta koma gida, Dada ba ta tambaye ta komai ba, fuskarta kawai ta duba. Ta ce a mayar mata da wurin, amma a kashe sautin. Ta ja jiki har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin, ta daɗe tana bin inuwoyin da ido. Can ta ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikinsu, wata doguwa da ke gefen dutse.

“Ga shi nan. Tsayuwarsa ce wannan, ko ba shi ba ne?”

Najwa ta durƙusa kusa da ita ta ƙura ido. Zai iya zama Ikrima. Zai iya zama ɗaya daga cikin ɓarayin, ko ma wani mai riƙe da fitila da ya shigo hoton bisa kuskure. Ta mayar da wurin baya, ta sake mayarwa. Yatsan Dada yana nan a kan gilashin, tana jiran amsa.