Igiya a Wuyan Tladi

Gaolatlhe na cikin ɗaure igiyar a ƙarfen bayan a-kori-kura sai surukarsa Segametsi ta fito daga ɗaki da bargo a hannu. Ɗaya bakin igiyar yana wuyan Tladi, karen marigayi mijinta, wanda ke tsaye tsakanin katifa da buhun dawa yana haki.

"Kwance shi, Baban Lorato," in ji ta.

"Mma, ai haka kowa ke yi. Na ma sakar masa ita da tsawo don ya wala."

"Tsawon ne ba na so."

Yau za ta bar rugar nan ta bayan garin Rakops, ta koma garin Serowe wajen 'yarta Onalenna, matar Gaolatlhe, don gwiwoyinta sun daina kai ta rijiya. An sayar da shanu, an rabar da kaji. Tladi kaɗai ta ce kada a taɓa mata. Kuma ta san aikin doguwar igiya. Shekara tara ke nan da aka ɗaure uwar Tladi haka a motar maƙwabci. Karen kiwo in ya ga shanu a kan titi, mantawa yake a mota yake. Karyar ta yi tsalle za ta kora su, igiya ba ta kai ƙasa ba. Kafin direba ya ji dukan da ake yi masa a rufin mota, aikin gama ya gama.

"A sa shi gaba, wajen ƙafata."

Gaolatlhe ya yi 'yar dariya, ya shafi ƙofar motar. "Mma, wata biyu ke nan da na fito da ita daga shago. Ko ledar kujera ban cire ba. Ga na'urar sanyi, za ku ji kamar a ofis kuke. Kare kuma da wari, da kaska..."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ɗora ƙafa a kan taya, ta kama ƙarfe, gwiwa na ƙara, ta haye baya. Ta zare igiyar daga wuyan karen ta jefar ƙasa. Ta cire mayafinta, ta zagaya shi a ƙirjin Tladi ta bayan ƙafafun gaba, ta ƙulle, ta naɗe sauran a hannunta, sannan ta zauna kan buhun dawa.

"Mu tafi."

"Mma, ku rufa mini asiri. In shiga Serowe da uwar matata a baya kamar akuyar biki? Me zan ce wa Onalenna? Me kawunnaina za su ce?"

"Ka ce musu kujerarka na da leda."

Ya daɗe a tsaye da makulli a hannu. Daga ƙarshe ya shiga ya tayar. A ransa rana ce za ta sauko masa da ita kafin su kai kwalta.

Suka kai kwalta, ba ta buga rufi ba. Iska mai zafi na marin fuskarta, ta ja bargon ta yi musu inuwa ita da karen.

A shingen duba dabbobi, inda kowa ke sauka ya taka jiƙaƙƙen buhun magani saboda ciwon kofato na shanu, wata ma'aikaciya mai ƙiba ta zo. Segametsi ta zaro takardar rigakafin Tladi daga ƙirjin rigarta ta miƙa mata. Matar ta karanta, ta dubi tsohuwa a kan buhu, ta leƙa kujerar gaba da babu kowa.

"Rra," ta ce wa Gaolatlhe, wato malam, "wa kake ajiye wa wurin nan? Ko akwai wata 'yar budurwa da za ka ɗauka a gaba?"

Fasinjojin bas da ke layi suka kwashe da dariya. Gaolatlhe ya taka buhun maganin, kansa a ƙasa.

Bayan garin Mopipi suka ci karo da shanu, kamar talatin, suna ƙetare titi a natse. Tladi ya ɗaga kunne. Kafin motar ta gama rage gudu ya zabura, ƙafafunsa na gaba har sun haura gefe. Ya fizgo Segametsi daga kan buhu, ta faɗi a kan gwiwoyinta. Ta tokare kafaɗa da ƙarfe, ta riƙe. Karen na haushi, rabin jikinsa a iska, kwalta na gudu a ƙarƙashinsa. Ta ja da hannu biyu har ya dawo ya faɗo mata a cinya.

Gaolatlhe ya ga komai ta madubi. Ya sauka gefen hanya ya fito. Ya dubi shatin da mayafin ya bari a hannunta, ya dubi nisan da ke tsakanin gefen motar da ƙasa. Ya ɗauki bargon ya shimfiɗa a gaba, wajen ƙafa, ya buɗe ƙofa ya riƙe.

Ba ta yi sauri ba. Sai da ta zuba ruwa a murfin tukunya, Tladi ya sha ya ƙoshi, sannan ta ba surukin hannu ya sauko da ita. Ta zauna, leda ta yi ƙara. Ta ƙulla mayafin gajere a ƙarfen ƙasan kujera. Karen ya ɗora haɓa a kan takalminta.

Ba su yi nisa ba wari ya cika motar. Gaolatlhe ya sa yatsa a hankali ya fara sauke gilashi.

"Rufe, zai leƙa kai," in ji Segametsi, idonta a kan hanya. "Ba kai ka ce tana da sanyi ba?"

Ya rufe.