Meram a Akwatin Talabijin

Ranar wata Laraba, cikin watan Maris na 1964, motar majigi ta shigo Gashuwa, kuma tun daga ranar Malam Ibram ya daina zama wanda ya fi kowa suna a gidansa.

Shi ne hedimastan firamare a lokacin, mai tabarau da akwatin littattafai biyu. Mutumin Bade ne gaba da baya, amma a makarantarsa duk yaron da aka kama yana Badanci sai a rataya masa guntun katako a wuya har a tashi. Da zazzaɓi ya kayar da tafintan majigin a Nguru, sai Kyari, jami'in da ke tafe da motar, ya roƙi Malam ya maye gurbinsa. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, aka saki fim ɗin rigakafin shanu. Malam ya riƙe lasifika ya shiga zuba Hausar littafi. Mutanen ƙauyukan bakin kogi suka yi ta kallon shanun, shi kuwa ba wanda ya bi ta kansa.

Can sai dariya ta ɓarke a ɓangaren mata. Matarsa ce, Meram, take maimaita fim ɗin da Badanci. Ta ba likita murya, ta ba makiyayi murya, har saniyar ta sa mata baki tana ƙorafin allura. Kyari ya karɓi lasifikar daga hannun Malam cikin ladabi, ya aika mata. Ladabin nan ne Malam bai yafe ba har yau.

Shekara na zagayowa wasiƙa ta zo, ana neman ta wasan kwaikwayo a gidan talabijin na Kaduna. Dangi suka ce ya hana. Bai hana ba, domin ya sha tsayawa gaban jama'a yana wa'azin ilimin mata, ga shi wa'azin ya biyo shi har gida. Ya raka ta a lori, ta Jajimaji, suna sauka ana turi a yashi, har tashar Nguru, inda kwandunan bandar kifi da buhunan gyaɗa suka fi fasinja yawa. Tashar kan yi masa kyau a lokacin. Jirgi na huci, masu dafaffen ƙwai na bin tagogi, Meram ta leƙo da kai tana kwaikwayon tafiyar mai duba tikiti a bayan idonsa.

A Kaduna ta zauna gidan gwaggonta. Ta fara da ƙananan fitowa, uwar gida mai faɗa, mai sayar da fura, daga baya aka ba ta shirin mata tana gabatarwa duk Alhamis. A Gashuwa kuwa babu mai talabijin, kuma ko da akwai ba zai kama ba. Garinsu kaf labarinta ake ji a bakin direbobi.

Duk zuwanta hutu, abu ɗaya take roƙo. Takan zauna bakin tabarmarsa tana ɓare gyaɗa, ta ce duk wanda ya yaba mata bai san ta ba, shi take so ya gani ya faɗi gaskiya.

"Malam, sau ɗaya tak. Ka zo ka gan ni, ko gyaran kuskure ne ka yi."

"Ga ki nan ina ganinki sukutum," in ji shi. "Me zan yi da rabinki a akwati?"

Sai ta yi dariya, ta kwaikwayi yadda yake tura tabarau da yatsa, maganar ta wuce sai wani hutun.

A 1969 aka kira hedimastoci taro a Kaduna. Bai aika mata ba. Ranar Alhamis da yamma ya sami kansa gaban wani kantin kayan lantarki, cikin 'yan kallo kamar ashirin, leburori da masinjoji. Ga Meram a gilashi, baƙi da fari, ɗankwalinta a karkace yadda take ɗaura shi a gida. Ya tsaya neman kuskure, sana'arsa ke nan, bai samu ba. Tana hira da wata unguwarzoma, tana jan ta da wasa har tsohuwar ta manta ana ɗaukarta. Da za ta rufe shirin, ta yi sallama da Hausa, sannan ta dubi gilashin ta ƙara kalmomi kaɗan da Badanci. Gaisuwa ce ga mutanen bakin kogi, tana tambayarsu ya ruwa, ya kifi, alhali ta san ko ɗayansu ba ya kallo.

Wani mai keke a gefensa ya ce kullum haka take yi, ya dubi tabarau ɗin Malam ya tambaye shi ko ya san wane yare ne.

"Ban sani ba," in ji Malam Ibram.

Washegari ya bi jirgi ya koma.

Bayan shekara huɗu ta ajiye aikin da kanta. Ta ce ta gaji da gaida mutanen da ba sa jin ta. Ta dawo ta tara mata da matasa, suna yawon ƙauyuka da wasanni cikin Badanci, a inuwar tsamiya, ba ƙyalle ba lasifika. Ba ta sake roƙonsa ba. Shi kuma ya sa guntun katakon nan a murhu, bai gaya wa kowa ba, ya ɗauka hakan ya isa bayani.

Ciwon da ya kama ta a damunar 1976 bai yi wata biyu ba. Ranar ƙarshe ya sa rawani ya tafi neman motar da za ta kai ta asibitin Nguru, yana tafe yana tsara maganar da zai faɗa mata kamar darasi, da gabatarwa da kammalawa. Da ya dawo da motar, sai ya tarar da mata cike da tsakar gida.

Yanzu masu ta'aziyya sun daɗe da ɗaukewa. Masu zuwa sai su ce ashe shi ne mijin Meram, ya ce haka aka ce. Maganar kuwa gajera ce, da Badanci ya shirya ta. Meram, na zo Kaduna, na gan ki, ban sami abin gyarawa ba, kuma da aka tambaye ni yarenmu na ce ban san shi ba.